Ruwa Mai Gudu a Tsibiran Komodo: Yadda Ake Nutso Ba Tare da Kokawa da Teku Ba

Da yawa daga cikinmu mun tashi ne nesa da teku, iyakar abin da muka sani na ruwa shi ne gulbi da tabki da kududdufin damina. Sai dai a yau ƴaƴanmu na tafiya karatu ƙasashen Asiya, ƴan kasuwarmu na sauka a biranen gaɓar teku, yara kuma na ganin hotunan kifaye masu launi a talabijin da wayar hannu, suna tambayar mu yadda mutum ke kaiwa gare su. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya dace mu leƙa wani wuri guda da ya yi suna wajen kyawun abin da ke ƙarƙashin ruwansa, ya kuma yi suna wajen ƙarfin gudun ruwan, wato tsibiran Komodo na ƙasar Indonesiya. Abin da za mu gani a can shi ne, gudun ruwan da ya raya wurin shi ne kuma ke iya halaka baƙo, kuma waɗanda ke shiga su fito lafiya sun dogara ne ga shiri da lissafi tun kafin ƙafarsu ta taɓa ruwa.

Inda wurin yake

Tsibiran Komodo suna tsakanin manyan tsibirai biyu, Sumbawa daga yamma da Fulores daga gabas. Manyansu uku ne: Komodo da Rinca da Padar, sai ƙanana masu yawa a warwatse. A shekarar 1980 gwamnatin Indonesiya ta keɓe yankin ya zama gandun da doka ta kare, a shekarar 1991 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,700, kuma mafi yawansa ruwa ne. Dalilin farko na keɓe shi shi ne wani irin damo da babu kamarsa girma a duniya, wanda tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa kuma kilo 70. Daga baya ne aka gane cewa dukiyar da ke cikin ruwan ba ta gaza ta tudu ba, domin an ƙidaya nau'in kifi sama da 1,000 da nau'in murjani kimanin 260 a wurin.

Baƙi kan sauka ne a garin Labuan Bajo da ke yammacin Fulores, daga nan su shiga jirgin ruwa. Sunan garin na nufin matsayar jiragen Bajo, wata al'umma ta masunta da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna rayuwa a kan teku, suna nutso da numfashi guda don kamo abinci. Wani bincike da aka buga a shekarar 2018 kan ƴan wannan al'umma da ke tsibirin Sulawesi ya nuna cewa saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da kimanin kashi 50 cikin 100, abin da ke taimaka musu su daɗe a ƙarƙashin ruwa. To amma ko su, masunta kan duba wata da yanayin ruwa kafin su saki igiyar kwalekwale.

Daga ina wannan gudu yake?

Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, tsibiran Indonesiya na zaune ne kamar rariya tsakanin manyan tekuna biyu, Fasifik daga arewa maso gabas da Tekun Indiya daga kudu. Iskokin da ke kaɗawa daga gabas suna tara ruwa a yammacin Fasifik har ya ɗan fi na Tekun Indiya tudu, shi kuwa ruwa ba ya zama sai ya nemi gangare. Masana sun auna ruwan da ke tsiyayowa ta tsakanin tsibiran, suka samu ya kai kimanin cubic-mita miliyan 15 a kowace daƙiƙa. Idan aka haɗa dukan kogunan duniya, da Kwara da Nilu da Amazon da sauransu, abin da suke zubawa cikin teku bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Na biyu shi ne cikar teku da janyewarsa, wanda wata da rana ke jawowa. A galibi sau biyu teku ke cikowa ya janye a cikin yini da dare, kuma a duk lokacin da hakan ta faru, tilas ruwa mai ɗimbin yawa ya ratsa ta ƙuntatattun mashigai, kamar mashigin Sape tsakanin Sumbawa da Komodo, da mashigin Linta tsakanin Komodo da Rinca. Idan ya gudu zuwa arewa na wasu sa'o'i sai ya lafa na ɗan lokaci, sannan ya juya kudu. Duk mai bin kwanakin wata zai iya riƙe wannan lissafi: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da rana da wata da ƙasa ke kan layi ɗaya, gudun ruwan ya fi tsanani, wajen bakwai ga wata da wajen ashirin da biyu kuwa yakan yi sauƙi.

A wuraren da suka fi ƙunci gudun kan kai kilomita 15 a sa'a guda. Don mu gane ma'anar wannan adadi, gwanayen iyo na duniya kan cinye mita 50 cikin daƙiƙa 21 ko kusa da haka, wato kimanin kilomita 8 da rabi a sa'a, kuma ba sa iya riƙe wannan sauri ko da na minti guda. Shi kuwa mai nutso da ke goye da tulun iska, da ƙyar yake yin kilomita 2 a sa'a. Ashe ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Abin da gudun ruwa ke rayawa

Murjanin da iyayenmu mata suka sani a wuya da hannu ɗan'uwan wannan ne da muke magana a kai, ko da yake jan murjani na ado daga wasu tekuna ake samo shi, irin su Bahar Rum. Murjani ba dutse ba ne tun asali, ba kuma tsiro ba ne. Wasu ƙananan dabbobi ne masu laushi da ke zaune a maƙale da juna, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa. Idan ta mutu wata ta yi gini a kan kangonta, a haka cikin dubban shekaru ake samun tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. A cikin jikinsu akwai wani irin gansakuka ƙanƙane da ke amfani da hasken rana ya samar musu da mafi yawan abincinsu, shi ya sa suke son ruwa mai haske marar zurfi. Duk faɗin da tsaunukan murjani suka mamaye bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna dogara gare su.

Da yake murjani ba ya tashi daga inda yake, sai abin da ruwa ya kawo masa. Gudun ruwa ne ke kawo masa ƙananan halittun da yake kamawa, shi ke share masa laka, shi ke ɗaukar ƙwayayensa ya kai wani tsibiri. A kudancin Komodo ruwan sanyi kan taso daga zurfi ɗauke da abinci mai yawa, ta yadda a rana ɗaya mutum zai iya samun ɗumin ruwa digiri 28 a arewa, ya gangaro kudu ya tarar da 22. Ƙananan kifaye na taruwa inda gudun ya bugi dutse don su tare abinci, manya na biyo su, kifin shak da kififiyar teku na kewayawa. Akwai kuma kifin manta, mai faɗi kamar tabarma, wanda fukafukansa kan haura mita 3, ba ya cizo ba ya harbi, buɗe baki kawai yake yi yana tace ruwa. A shekarar 2014 Indonesiya ta haramta kama shi a dukan ruwayenta. Saboda haka wanda ke son ya ga wannan taro, tilas ya je inda ruwa ke gudu, domin inda ruwa ya kwanta kasuwar ba ta ci haka.

Yadda ake nutso da gudun ruwa

Na'urar da ta ba mutum damar numfashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da igiya daga sama ba, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a shekarar 1943, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan. Har yau tsarin bai canza sosai ba: tulun ƙarfe a baya mai cin lita 11 ko 12, wanda ake danna wa iska har ta ninka sau 200, bututu mai daidaita ta zuwa baki, gilashin fuska, takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ɗamarar darma don nauyi, da wata riga da ake hura wa iska ko a sace ta, don mutum ya tsaya a zurfin da yake so.

A ruwa mai kwanciya, jirgi kan jefa anga, mutane su sauka, su zaga, su dawo inda suka bar shi. A ruwa mai gudu wannan ba ya yiwuwa. Sai jirgi ya kai su can sama da wurin da ake nufi, jagora ya fara shiga ya duba inda ruwa ya nufa da ƙarfinsa, sannan a ba da alama kowa ya faɗa a lokaci guda, su nutse nan take, domin wanda ya yi jinkirin minti ɗaya a sama zai tarar an wuce da shi. Daga nan ba sauran wahalar iyo. Mutum kan miƙe jikinsa, ya naɗe hannuwa, ruwa ya ɗauke shi yana kallon tsaunin murjani na wucewa kamar mai leƙe ta tagar mota. A wani wuri mai suna Karang Makassar akan yi tafiyar da ta haura kilomita guda a haka, ana gamuwa da kifin manta. Shi kuwa jirgi ba ya jefa anga, yana biye da su ne daga sama, matuƙi na kallon kumfar numfashinsu.

Idan ana so a tsaya, sai a matso kusa da ƙasa inda gudun ya fi rauni, ko a laɓe a bayan dutse kamar yadda kifi ke yi. Wasu kan yi amfani da ƙugiya mai gajeriyar igiya, dabarar da ta yi suna a tsibiran Palawu, su maƙala ta a jikin mataccen dutse su tsaya suna kallo. Ba a maƙala ta a murjani mai rai, domin abin da hannu ya karya cikin daƙiƙa na iya ɗaukar shekaru kafin ya tofo.

Akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na iskar da ke danne mu a doron ƙasa. A zurfin mita 30 ke nan mutum na shan iska ninki huɗu na abin da yake sha a sama, idan kuma ya shiga kokawa da ruwa yana haki, tulunsa zai ƙare tun kafin ya ankara. Ba a riƙe numfashi yayin tasowa, don iskar da ke cikin huhu na kumbura tana iya yaga shi. Ba a tasowa da gaggawa, domin iskar naitirojin da ta narke cikin jini za ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Akan taso ne kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, a kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5. Mai takardar koyo ta farko ba ya wuce mita 18, iyakar masu nutson shaƙatawa duka kuwa mita 40 ce. Wanda ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai bayan aƙalla sa'a 18.

Abin da gwanaye suka fi tsoro shi ne ruwa mai gangarawa ƙasa. A wani dutse da ake kira Batu Bolong, gudun kan bugi dutsen ya rabu biyu, a gefunan kuma ya riƙa murɗawa yana jan komai zuwa zurfi. Shi ya sa ake nutso a ɓangaren da dutsen ya kare kaɗai, ana kai da komo a cikin inuwarsa, jagora na lura da kifaye: in ya ga sun juya kai sama suna ta faman kaɗa wutsiya, ko ya ga kumfar numfashi na yin ƙasa maimakon sama, sai ya juya da mutanensa. Wanda irin wannan ruwa ya kama, ana koya masa ya riƙe dutse in yana kusa, ko ya ƙara wa rigarsa iska ya ratsa gefe har ya fita daga cikinsa, sannan ya rage iskar don kada ya yi sama a guje.

Masu kallo daga sama

Mafi yawan baƙi, musamman masu iyali, ba sa goya tulu. Gilashin fuska suke sawa da ɗan lanƙwasasshen bututu da ke leƙowa sama, su kwanta rubda ciki a kan ruwa suna numfashi suna kallon ƙasa. Abin na da sauƙin koyo, kuma wannan sauƙi ne ke yaudara. Mai kallon kifi yakan manta da ɗaga kai, kafin ya waiga jirgi ya yi masa nisa. Sai tsoro ya kama shi, ya juya yana neman komawa ta inda ruwa ke fitowa, ya gaji, ruwa ya shiga bututu, ya shaƙe. Maganin wannan sananne ne: rigar ceto ga kowa, ko da ya iya iyo; kowa da abokin tafiyarsa; jagora a gaba yana jan abin da ke yawo a kan ruwa wanda gajiyayye zai kama; ƙaramin kwalekwale mai inji a kusa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ya nemi shawarar likita tukuna. Yaro kuwa kada ya yi nisan da hannun babba ba zai kai gare shi ba.

Ranar da lissafi ya kuskure

A watan Yuni na shekarar 2008, wasu Turawa biyar, uku daga Ingila, ɗaya daga Faransa, ɗaya daga Suwidin, sun yi nutso a cikin gandun Komodo. Sun taso lafiya, amma ruwa ya riga ya raba su da jirginsu, matuƙi kuma bai hango su ba. Kan mutum a tsakiyar igiyoyin teku bai fi ƙwallon goruba ba ga mai nema daga nesa. Suka ɗaure jikinsu da juna don kada su rabu, ruwa ya yi ta tafiya da su har cikin dare, nisan kimanin kilomita 30, kafin su samu su kama gaɓar tsibirin Rinca. A can suka rayu da ƴan halittun da suka ɓamɓaro daga jikin duwatsu, suka kori damon Komodo da jifa, sai bayan kwana biyu masu ceto suka same su da rai.

Ba kowa ke samun wannan sa'a ba. A watan Fabrairu na shekarar 2014, mata bakwai ƴan ƙasar Japan sun ɓace a irin wannan hali kusa da tsibirin Bali. Bayan kwana uku aka sami biyar a maƙale da duwatsun gaɓa, biyu kuwa sun rasu. Tun kafin nan, a watan Janairu na 1998, wani jirgi a ƙasar Ostareliya ya koma gida ya bar miji da mata Amurkawa a teku saboda kuskuren ƙidaya, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba.

A biyun farko mutanen sun taso sama da ransu. Abin da ya yanke shi ne sadarwa tsakaninsu da jirgi. Shi ya sa a yau ake buƙatar kowane mai nutso ya riƙe wata doguwar balan-balan mai ruwan lemo, ya hura ta ya sake ta sama tun yana ƙarƙashin ruwa, don matuƙi ya san inda zai taso. Ana haɗawa da usur da ɗan madubi da tocila, wasu har da ƴar na'urar da ke aika wa jiragen da ke kusa da wurin da mutum yake. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kafin a tayar da inji. Idan kuma jagora ya duba ruwa ya ce yau ba za a shiga ba, ba a yi masa musu don an biya kuɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya shafe mu

Ƙalilan ne daga cikinmu za su taka Labuan Bajo, amma da yawa kan je Kwatano ko Lome ko Duwala, kuma yaranmu kan so su taɓa ruwan teku. A gaɓar Kwatano da Lome akwai wani gudu da ke jan mutum daga bakin gaɓa zuwa ciki, sau da yawa a daidai inda ruwan ya fi kama da mai kwanciya. Faɗinsa ba shi da yawa. Wanda ya kama kada ya nufi gaɓa kai tsaye; ya natsu, ya bar jikinsa ya yi yawo, ya ɗaga hannu a gan shi, ya ratsa gefe har ya fita daga jan, sannan ya nemi tudu. Wanda ke kan gaɓa kuma kada ya faɗa ceto hannu wofi, ya jefa jarka ko igiya ko wani abin da ba ya nutsewa, ya yi kururuwar neman taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Don haka idan ɗanmu ko ƙanenmu da ke karatu a waje ya ce zai shiga irin wannan yawo, mu tambaye shi abubuwa huɗu: ya yi koyo a hannun malami mai takarda? Jagoran ɗan wurin ne da ya san lokutan ruwan? Jirgin na da rediyo da tulun oksijin na agaji da ƙaramin kwalekwale? Ana ƙidaya mutane da suna? In amsa ɗaya ta zama a'a, ya haƙura ya nemi wani jirgin. Allah ya tsare mana zuri'a a tudu da ruwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.